Tsohuwar Motar Amurka da Tsatsa Ta Ci: A Gyara Ta ko a Nemi Wata?

Daga 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya fito da GTO, zuwa 1973 da ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai, masana'antun motoci na birnin Detroit sun yi ta gasar cusa manyan injuna masu silinda takwas a cikin matsakaitan motoci masu ƙofa biyu, waɗanda ko matashi mai ƙaramin albashi yana iya saya. Tsadar fetur da ta inshora da dokokin rage hayaƙi ne suka kawo ƙarshen wannan yayi, kuma da yawa daga cikin motocin sun ƙare a rumbunan gonaki da bayan gidaje, ruwa da ƙanƙara suna dukansu shekara da shekaru. Wanda ya ci karo da irin wannan akwala a yau, aka kuma ce masa samfurin da ba a cika samu ba ne, yana iya saya ya gyara ta tun daga tushe, ko ya sauya mata jiki, ko ya bar ta yadda take, ko kuma ya haƙura ya nemi wadda wani ya riga ya gama wahalarta.

Kafin a duba tsatsa sai a fara tabbatar da asalin motar, domin a wannan kasuwa darajar tana ga abin da masana'anta ta sa wa motar ranar da aka ƙera ta. A 1969 Chevrolet ya ƙera Camaro sama da 240,000, amma masu injin ZL1 guda 69 ne kacal. A shekarar ce Dodge ya yi Charger Daytona 503, Ford kuma ya yi Mustang Boss 429 guda 859. Wata Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi ta kai dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum da aka yi a Seattle a 2014, alhali Barracuda ta wannan shekara mai ƙaramin injin 318, wadda daga nesa kusan siffarsu ɗaya, ba ta ko kusa da wannan kuɗi. Wannan tazara ce ta sa ake samun masu liƙa tambari da zane a kan mota gama-gari su ce ta musamman ce.

Tantancewar ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. A motocin Dodge da Plymouth, harafi na biyar a lambar shasi yana nuna injin da aka fito da shi: J na nufin babban injin Hemi 426 a 1969, R kuma a 1970 da 1971. Akwai kuma ƙaramin faranti na ƙarfe a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da lambobin kala da kayan ƙari, sannan a kan yi sa'a a tarar da takardar masana'anta maƙale cikin wayoyin kujerar baya, ta yi ja don tsufa, wani lokaci ɓera ya ci rabinta. Ga Ford akwai rahoton Marti na motocin da aka ƙera daga 1967, ga Pontiac kuma akwai takardun PHS (Pontiac Historic Services), duk daga bayanan kamfanin suke ciro shaidarsu. Chevrolet ne ke da wuya, domin lambar shasin Chevelle ta 1970 ba ta faɗin ko SS ce, wato samfurin Super Sport mai ƙarfi, balle ta ce tana da injin LS6 mai ƙarfin doki 450, saboda haka idan babu tsoffin takardu, kuma lambar da aka buga a jikin injin ba ta dace da ta shasin ba, maganar mai sayarwa kawai ta rage, kuma bai kamata a biya kuɗin LS6 a kan magana ba.

Idan asali ya tabbata, sai a shiga ƙarƙashin mota da tocila da sukudireba. Tsatsar da ake gani a ƙofa ko a gefen taya ba ita ce abin tsoro ba, tunda ana yanke wurin a yi waldar sabon ƙarfe. Abin tsoro shi ne wadda ta ci ƙashin da ke ɗauke da motar. Chevelle da GTO suna da shasi daban da jiki, ana iya ɗaga jikin a gyara shasin ko a sauya shi. Mustang da Charger da 'Cuda kuwa jikin ne shasin, don haka idan ƙarafan da suka bi ta ƙarƙashin bene suka ruɓe, ko wurin da sifirin na baya ke kamawa, motar kan lanƙwashe a tsakiya, kuma alamar farko ita ce ƙofa ta ƙi rufuwa daidai, tazararta ta matse a sama ta buɗe a ƙasa. A Mustang ana zuba ruwa ta ramukan iskar da ke gaban gilashin gaba, in ya ɗigo kan dardumar ciki to akwatin da ke ƙasa ya zama rariya, kuma isa gare shi yana buƙatar a farke walda mai yawa. Motar da aka lulluɓe rufinta da leda sai a shafa da tafin hannu kusa da gilashin baya, domin duk inda ya kumbura ruwa ya kwana a ƙasa. Maganaɗisu da aka naɗe da ƙyalle yana tona inda aka cike rami da fila aka shafe da fenti, saboda ba ya kamawa a wurin.

Inda motar ta yi rayuwarta ma shaida ne. A jihohi irin su Michigan da Ohio da New York ana zuba gishiri a titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, kuma gishirin yana cin mota daga ƙasa, yayin da motar Arizona ko kudancin California rana ce ke ƙona mata fenti da kujeru, ƙarfenta kuwa ya tsira. Sauya kujeru da fenti ya fi sauya ƙashi sauƙi nesa ba kusa ba.

Lissafin kuɗi ne ke raba gardama. Gyara daga tushe, inda ake kwance kowane noti, yakan wuce awa dubu na aikin hannu, kuma idan aka ƙaddara garejin yana karɓar dala 100 a awa, ladan aiki kaɗai ya kai dala 100,000 tun ba a sayi ko fitila ba. Aikin walda da fenti a kan Charger mai injin 318 daidai yake da na Daytona, amma ɗaya ce kawai daga cikinsu za ta mayar da kuɗin in an tashi sayarwa. Kayan gyaran Mustang da Camaro suna da yawa, kusan kowane faranti na jikinsu ana buga sabo, sai dai abubuwan da suka sa motar ta zama ta musamman su ne ba a samu cikin sauƙi, kamar dogon hancin Daytona da dogon fiffikenta na baya, ko kafiretoci biyu na Hemi masu lambar da ta dace da watan ƙira. Motar da ta rasa waɗannan, ta kuma rasa injinta na asali, ta rasa babban kaso na darajarta ko da takardunta sun cika.

Sauya jiki gaba ɗaya hanya ce da take jan hankali, tunda kamfanin Dynacorn yana sayar da sabon jikin Camaro na 1967 zuwa 1969 da na wasu Mustang. Amma a nan akwai tarko, domin dokar tarayyar Amurka ta haramta cirewa ko sauya lambar shasi sai a 'yan wuraren da ta keɓe, jihohi kuma sun sha bamban wajen yadda suke rajistar irin wannan mota. Masu tara tsoffin motoci ma ba sa biyan kuɗin ta asali a kan motar da faranti kaɗai ya rage mata na da. Ga mai son ya hau ya ji ƙugin inji, hanya ce mai kyau, muddin an yi rajistar a fili.

Barin mota da tsufanta yana da riba ne kawai idan ƙashinta lafiya lau yake kuma tana da tarihi. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt ta kai dala miliyan 3.74 a Kissimmee ta jihar Florida a Janairun 2020, da dusasshen fentinta da tabon tsatsarta, kuma da an yi mata sabon fenti da ƙila an rage mata daraja. Irinta ba su da yawa.

Ga mafi yawan masu saye, a ganina, motar da wani ya gama gyarawa ta fi araha, domin sau da yawa wanda ya yi aikin ba ya mayar da abin da ya kashe, kuma mai saye na biyu ne ke cin moriyar asarar. Sharaɗin shi ne a nemi hotunan aikin tun motar tana tsirarar ƙarfe kafin fenti, da rasitan garejin, a kuma biya masanin wannan samfuri ya duba ta, ba bakanike na kowace mota ba. Mai tsatsa ta cancanci a ɗauka idan takardu sun tabbatar da ƙarancinta, injinta na asali yana nan, kuma kuɗin saye da na gyara in an haɗa ba su wuce abin da irinta ke kaiwa a gwanjon Mecum ko Barrett-Jackson ba, ko kuma idan mai saye ya iya walda da kansa yana da wurin ajiya na shekaru.

Takardar mallaka ma a nemi ganinta kafin kuɗi su fita daga hannu, a kuma gwada lambarta da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi. Jihar New York, alal misali, ba ta ba motocin 1972 zuwa baya wannan takarda, rajista ce ake miƙawa daga hannu zuwa hannu, saboda haka wanda zai kai motar wata jiha, ko zai ɗora ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano, ya fara tambayar abin da hukumar rajista da kwastam za su karɓa.