Madubin hangen nesa 8x42 a kurmi mai duhu

Wanda ke son ganin ƙananan tsuntsaye masu waƙa a kurmin ƙasashe masu zafi, babbar matsalarsa ita ce duhu, domin hasken da ke ratsa ganyayyaki ya kai ƙasa bai cika wuce kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa na zaɓi madubi mai lamba 8x42, wato yana girmama abu sau 8, faɗin gilashin gabansa kuma milimita 42 ne, saboda haka hasken da ke fitowa zuwa ido yana da faɗin kusan milimita 5 (wato 42 a raba da 8), abin da ke taimakawa wajen gani a wuri mai duhu.

Na fi ganin amfaninsa da sassafe, lokacin da na tsaya kusa da ayarin kwarkwasa. Akwai ƙananan tsuntsaye da ke bin irin wannan ayari, ba don su ci kwarkwasar ba, sai don su cafke ƙwarin da ke gudu daga gabanta. Ba sa zama wuri ɗaya, suna tsalle daga reshe zuwa ƙasa, amma faɗin filin da madubin ke nunawa ya ba ni damar bin su, har na bambance launin ƙirji da na wutsiya daga tazarar mita 3. Mai girmamawa sau 10 ya fi kawo abu kusa, sai dai rawar hannu takan ɓata hotonsa.

Danshi bai sa gilashinsa ya yi hazo ba. Aibinsa shi ne nauyi, kuma igiyarsa siririya ce, takan ci wuya.