Wata takwas muna amfani da layin haɗewa na GitHub

Mu bakwai ne muke riƙe da wata buɗaɗɗiyar manhaja ta sarrafa rubutu. Kowa da aikinsa na rana, sai da dare ko ƙarshen mako muke taɓa ta. Kod ɗinmu yana kan GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Ni aka ɗora wa kula da babban reshe, wato ainihin kwafin kod ɗin da ake haɗa gyaran kowa a cikinsa, don haka duk ranar da ginin manhajar ya karye, ni ake nema.

Karyewar da ta fi ci mini rai ita ce wadda ba mai laifi a cikinta. Wata rana abokiyar aikinmu ta canza sunan wani umarni a cikin kod, gwajinta ya fito kore, wato ya wuce lafiya. A daidai lokacin wani ya rubuta sabon sashe mai kiran wannan umarni da tsohon sunansa, shi ma kore. Fayil ɗinsu daban-daban ne, saboda haka Git, manhajar da ke haɗa gyare-gyaren, bai ga wani karo ba. Aka haɗa na farko, aka haɗa na biyu, babban reshe ya koma ja, wato gwajinsa ya faɗi. Kowannensu an gwada shi ne a kan reshen jiya, ba wanda ya gwada su a tare. Washegari wani sabon mai ba da gudunmawa ya sauke kod ɗin, ya kasa gina shi, ya rubuto yana ba da haƙuri don ya ɗauka shi ya ɓata wani abu. Wannan saƙon ya tsaya mini a rai.

Mun fara gwada dokar nan mai tilasta wa kowa ya sabunta reshensa da abin da ke babban reshe kafin a haɗa. Tana aiki, amma gwajinmu na cin kusan minti ashirin da biyar. Ka sabunta, ka jira, kafin ya gama wani ya riga ka shiga, sai ka koma baya ka sake. Mutane suka fara gajiya.

Daga nan muka koma layin haɗewa (merge queue), inda gyare-gyare ke bin layi a gwada su tare kafin su shiga. Dabarar ba sabuwa ba ce. Graydon Hoare, wanda ya ƙirƙiro harshen Rust, ya daɗe da rubuta wata ƙaramar manhaja mai aiki da kanta mai suna bors a kan ƙa'ida guda: kada komai ya shiga babban reshe sai an gwada shi a yanayin da zai kasance bayan shigarsa. GitHub ya buɗe nasa layin ga jama'a a watan Yulin 2023, a shekarar ne kuma masu kula da bors-ng, wani magajin bors, suka sanar da cewa sun daina bunƙasa shi.

Yadda yake aiki ba wuya. Idan an amince da gyaranka, sai ka danna maɓallin shiga layi. GitHub ya ƙirƙiri wani reshe na wucin gadi, ya ɗora babban reshe, ya ɗora gyare-gyaren waɗanda suke gabanka, sannan naka, ya gwada su gaba ɗaya. In ya yi kore ka shiga. In ya yi ja a fitar da kai daga layi, babban reshe kuwa ko gezau. Da wannan tsari, rikicin canza sunan nan da a layi zai tsaya.

Rumbun kod ɗinmu a buɗe yake kuma a ƙarƙashin asusun ƙungiya, shi ya sa ba mu biya komai ba. Wanda rumbunsa ke kan asusunsa na kansa ba zai ga wannan zaɓi ba, rumbun sirri kuma sai da tsarin Enterprise Cloud. A kula da abu ɗaya wajen kunnawa: dole a ƙara kalmar merge_group cikin abubuwan da ke tayar da gwajin GitHub Actions, tsarin da ke gudanar da gwaje-gwaje da kansa. Ni na manta da shi a ranar farko, gyara ya zauna a layi yana jiran sakamakon da ba zai zo ba har lokacinsa ya ƙare. Yana rubuce a bayanin amfani, ni ne ban karanta da kyau ba.

Inda muka sha wuya shi ne gwaji marar tabbas. Muna da guda biyu da kan faɗi jefi-jefi, ɗaya yana sauko da fayil daga intanet, ɗayan yana auna lokaci da daƙiƙa. A da sai mu sake dannawa su wuce, mu manta. A cikin layi ba haka ba ne. Idan suka kayar da gyaran da ke gaba, duk na bayansa sai an sake gina su daga farko. Akwai daren da gyara huɗu suka kwana ba su shiga ba. Wani daga cikinmu ya ce a kashe layin mu huta. Na ƙi, domin ruwa ba ya tsami banza. Da muka bincika, gwajin lokacin nan ashe kuskure na gaskiya yake nunawa, ayyuka biyu ne ke rige-rigen rubutu a wuri ɗaya. Mun yi ƙarshen mako biyu kafin mu gyara su duka.

Akwai abubuwan da nake fatan a inganta. Jerin gwaje-gwajen dole guda ɗaya ne ga matakin duba gyara kafin a amince da shi da kuma matakin layi, don haka sai da muka yi dabara muka sa masu nauyin su tsallake matakin farko, kada a yi aiki biyu. Salon haɗewa ma ɗaya ake zaɓa wa kowa. Akwai damar tsallake layi don gyaran gaggawa, amma tana sa a sake gina duk waɗanda ke ciki. Sau ɗaya na taɓa ta.

Idan gyara ɗaya ko biyu kuke haɗawa a mako, dokar sabunta reshe ta ishe ku, kada ku ɗora wa kanku wannan. Idan kuwa kuna da mutane a ƙasashe daban-daban suna turo aiki dare da rana, ina ba da shawarar a kunna shi, bayan an fara tsabtace gwaje-gwaje. A wata takwas ɗin nan sau ɗaya babban reshenmu ya karye, shi ma wani kod na waje da manhajarmu ta dogara da shi ne ya fitar da sabon salo alhali ba mu ɗaure lambar salon da muke amfani da shi ba. Mun ɗaure ta a daren.