KardiaMobile: Ƙaramar na'urar awon zuciya da iyakar abin da take gani

Babbar matsalar mai fama da rikicewar bugun zuciya ita ce ciwon ba ya jiran ranar ganin likita. Zuciya takan yi ta dukan uku-uku da tsakar dare, amma kafin gari ya waye a isa asibiti a manna wayoyin awo, ta riga ta lafa, takarda kuma ta fito lafiya lau. Ko na'urar Holter, mai ɗaukar bugun zuciya dare da rana, da ake rataya wa majiyyaci na awa 24 zuwa 48 takan dawo ba ta kama komai ba idan abin sai jefi-jefi yake tasowa. Wannan giɓin ne kamfanin AliveCor na Amurka ya nufi cikewa da KardiaMobile, kuma a ganina ya cike shi, muddin mai saye ya san abin da ya saya.

Na'urar 'yar siririya ce da ba ta cika tafin hannu ba, tana da faifan ƙarfe biyu a samanta. Mutum zai buɗe manhajar a wayarsa, ya ajiye na'urar kusa da ita, ya ɗora yatsu biyu na kowane hannu a kan faifan, ya natsu na daƙiƙa 30 yana kallon layin lantarkin zuciyarsa yana tafiya a fuskar waya. Natsuwar nan ita ce rabin aikin, domin idan hannu yana rawa ko gwiwar hannu ba ta jingine a kan teburi ba, layin yakan yi kaca-kaca har manhajar ta ce ba ta iya karantawa. Busasshiyar fata ma tana hana shi fita sarai, sai an ɗan jiƙa yatsun da ruwa.

Abin da aka fi ƙera ta dominsa shi ne gano karkarwar ɗakunan sama na zuciya, wadda likitoci ke taƙaitawa da AF. A wannan ciwo ɗakunan ba sa matsewa yadda ya kamata, jini yakan kwanta ya yi guda, gudan kuma yana iya wucewa ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki yake ninkuwa kusan sau biyar. A binciken REHEARSE-AF da aka yi a yankin Wales na Birtaniya, aka wallafa a 2017, an raba mutum 1,001 'yan shekara 65 zuwa sama gida biyu, rukuni ɗaya yana awo da na'urar sau biyu a mako har shekara guda, ɗayan yana kan kulawar da aka saba. An gano AF a jikin mutum 19 a rukunin farko, 5 kacal a na biyu. Sai dai binciken bai nuna cewa shanyewar jiki ta ragu a fili ba, kuma wannan magana ce da ba a cika jin ta a bakin masu talla ba. A 2022 hukumar NICE ta Ingila, mai tantance magunguna da na'urorin lafiya, ta amince da ita ga waɗanda ke jin alamu kuma likita ya tura su awo, wato ba ta ce kowane lafiyayye ya mallake ta ba.

Inda nake jin tsoro shi ne mai ciwon ƙirji. Awon asibiti yana duban zuciya ta fuskoki 12, ita kuwa wannan ta fuska ɗaya take kallo, kuma kamfanin da kansa ya bayyana cewa ba ta gano toshewar jijiyoyin zuciya. Mutum zai iya zama yana zufa, ƙirjinsa ya yi nauyi, ciwon yana sauka hannun hagu, manhajar kuma ta rubuta masa cewa bugunsa daidai yake, alhali kowane minti da ya ɓata naman zuciyarsa ne ke mutuwa. Mai irin wannan alama asibiti ya kamata ya nufa nan take. Haka nan ba ta nuna girman zuciya, ko ƙarfin matsewarta, ko lafiyar ƙofofinta, wannan aikin hoton zuciya ne, ba a kuma shawarci masu na'urar daidaita bugu a ƙirji su yi amfani da ita ba.

Hukuncin da manhajar ke yankewa bai kai takardar da take ajiyewa daraja ba. Wani lokaci takan ce ta kasa rarrabe awon, abin da kan jefa mai yawan damuwa cikin maimaita gwaji dare da rana, amma likita yana iya karanta layin ya ga abin da ita ba ta gani ba, kuma shi kaɗai ne zai yanke shawarar fara maganin hana daskarewar jini. Akwai samfurin 6L na 2019 mai faifai na uku a ƙasa, wanda ake ɗorawa a gwiwa ko idon sawun hagu don samun fuskoki 6, kuma shi na fi ba da shawara ga wanda likitansa zai riƙa duba sakamakon. Mai saye ya kuma lura cewa wasu ƙarin fassarorin awon ba sa samuwa sai an biya kuɗin rajista na KardiaCare, tsarin kamfanin na masu biya, ko da yake ɗaukar awo da tura shi ga likita ba sa buƙatar hakan.