Fijo 504 a tafin hannu

Asabar ɗin da ta wuce na shiga wani ɗan shago a nan Liyon, ƙasar Faransa, wanda babu abin da ake sayarwa a cikinsa sai ƙananan motocin ƙarfe na ajiya. Makonni biyu kafin nan na tsinci wata 'yar Fijo 504 a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi, Yuro 8, na saya don ta riƙa tuna mini da motar da Baba ya yi shekaru yana jigilar fasinja da ita daga tashar Kawo da ke Kaduna zuwa Kano. Ko kwana uku ba ta yi a kan tebur ba ƙofar direba ta saki, fenti ya fara ɓarewa a gefen bamba. Gyara na je nema.

Mai shagon dattijo ne. Ya karɓa, ya jujjuya ta, ya ce kuɗin gyaran zai fi kuɗin motar. Sai ya buɗe kabad ɗin gilashi ya ɗauko wata 504 ta kamfanin Norev, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera su kusa da juna, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Girmansu ɗaya, abin da suke kira 1:43, wato an rage tsawon ainihin motar sau 43, ta dawo kamar santimita 10. Amma da na kai ido, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Fitilun tawa ɗigon farin fenti ne kawai. Na ɗayar kuwa gilashi ne aka yanka daban aka dasa, da ainihin siffar idon 504 ɗin nan da ko da dare kake gane shi daga nesa. Waifa daban aka liƙa ta, siririya kamar gashi. Tayoyin roba ne masu zane. Zakin da ke gaba har ƙafafunsa ana gani. Tawa kuma hinjin ƙofarta ya kusa kai girman kujerar direba, tsakanin ƙofa da jiki akwai ratar da farce zai shiga.

Sai na yi abin da duk ɗan gida zai yi: na ɗora kowace a tafin hannu ina gwada nauyi. Tawa ta fi nauyi. Dattijon ya girgiza kai ya ce nauyi ba ya nuna komai. Ƙarfen da ake zubin da shi, zamak, haɗin tutiya ne da ɗan alminiyon da wasu, ana narka shi a ɗura a mazubi, kusan yadda masu zubin tukwane ke yi a wajenmu, sai dai inji ne ke tura shi da ƙarfi. Shi ba tsada gare shi ba. Kuɗin yana tafiya ne wajen sassaƙa mazubin, da fenti, da ƙananan sassan da ake liƙawa da hannu ɗaya bayan ɗaya. Har ya nuna mini wasu masu tsada da aka yi da wani irin danƙo mai tauri, ƙofofinsu ma ba sa buɗuwa, kuma da sun faɗi sun fashe.

A can saman kabad akwai manya, 1:18, na kamfanin CMC na Jamus, kowace da sassa fiye da dubu, kujeru na fatar gaske, farashi ya haura Yuro 500. Da ya ga na ƙura musu ido, ya ce kada in fara daga nan. Kuma bai yarda na kushe masu araha ba. Ya ce motocin kamfanin Majorette da na Hot Wheels na Yuro 2 ko 3 an yi su ne don yaro ya gara a ƙasa, ya jefar, ya taka, kuma a wannan aikin sun fi na cikin gilashi. Tawa ce kawai ba ta da kyau. A nan na ji cewa Norev a Villeurbanne aka kafa shi a 1946, nan maƙwabtanmu, sunan ma Véron ne, sunan 'yan uwan da suka kafa shi, aka juya baya, kuma ɗaya daga cikin 'yan uwan ne ya kafa Majorette a 1961.

Wannan gaskiyar tasa ita ta tsaya mini a rai, har yau. Mutum yana da damar ya ɗora mini mai tsada, amma ya zauna yana rarrabe mini wannan na wasa ne, wannan na ajiya ne. A kasuwanninmu komai orijina ne. Ka tambayi mai shago bambancin na dubu biyu da na dubu goma, sai rantsuwa ta biyo baya, in ka dawo da kaya kuma ya nuna bai taɓa ganinka ba. Mu masu saye ma da namu laifin, tunda mun ɗauka duk abin da ya yi nauyi ya yi ƙyalli shi ne mai kyau.

Na sayi Norev ɗin Yuro 40. Ya ja kunnena kada in yar da kwalin, don darajarta na raguwa in babu shi. Da daddare na tura wa yayana hoto, ya kira yana cewa, "Kai yanzu da gemunka, motar wasan yara ka je saye a Turai?" Na ce, "Yaya, duba ta da kyau." Ya yi shiru, can ya ce, "Ta Baba doguwa ce ai, mai kujera layi uku."

Abin ya yi mini ciwo ta wani wajen. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, 504 ta ɗauki amarenmu da marasa lafiyarmu da buhunan hatsinmu shekara da shekaru, amma muka mora har ta mutu muka miƙa wa 'yan gwangwan. Ta Baba ko hotonta ba mu da shi. Su a nan gidan tarihi guda suka gina wa motocin Fijo a garin Sochaux. Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, wa ya taɓa adana ko ɗaya?

Na koma shagon ranar Talata na tambayi doguwar, fara. Babu ita a hannunsa, amma ya rubuta lambata a wani tsohon littafi ya ce zai kira ni in ta shigo.