Kwafin Zanen Yarima Edward daga Wani Shago a Adum

A cikin shagunan da ke harhaɗa firam a Adum, cikin Kumasi, akwai wani da ya bambanta da maƙwabtansa, domin ban da hotunan aure da takardun shaidar karatu da kowa ke kawowa, yana kwafar tsofaffin zane-zanen Turai da fentin mai, kuma kowane kwafi yana zuwa da takarda mai bayyana tarihin zanen asali. A can na sayi kwafin zanen Yarima Edward na Ingila domin ɗakin da nake koyar da tarihi.

Hans Holbein, Bajamushen da ke yi wa Sarki Henry na Takwas zane, shi ya zana yariman wajen 1538, yaron bai daɗe da cika shekara ɗaya ba. An haifi Edward a watan Oktoba na 1537, mahaifiyarsa Jane Seymour ta rasu kwanaki kaɗan bayan haihuwarsa, kuma shi ne ɗa namijin da sarkin ya daɗe yana nema. Saboda haka Holbein bai zana shi kamar jinjiri ba, ya tsayar da shi kamar sarki a fada, cikin jar riga mai ratsin zinariya da hula mai farin gashin tsuntsu, hannu ɗaya a ɗage kamar mai amsa gaisuwa, ɗayan riƙe da kacau-kacau na zinariya kamar sandar mulki.

Mai zanen shagon ya kamo wannan duka da kyau. Jan rigar yana da zurfi, fuskar ta fito da cikar kumatun yaro ba tare da an ƙawata ta fiye da kima ba, firam ɗin kuma na katakon odum ne, an haɗa kusurwoyinsa ba tare da giɓi ba. Kuɗin da aka karɓa bai fi ƙarfin aikin ba.

Takardar tarihin ce ta fi daraja a wurina, kuma ita ce dalilin da ya sa nake yaba shagon. Ta nuna cewa Holbein ya miƙa wa sarkin zanen a matsayin kyautar sabuwar shekara ranar 1 ga Janairu, 1539, sarkin kuma ya saka masa da kofi mai ruwan zinariya. A ƙarni na 17 zanen yana hannun Thomas Howard, basaraken Arundel, wanda ya shahara da tara kayan fasaha, a ƙarni na 19 kuwa yana cikin dukiyar gidan sarautar Hanoba a Jamus, gidan da sarakunan Birtaniya suka fito daga cikinsa tun 1714. A 1925 attajirin Amurka Andrew Mellon ya saye shi ta hannun dillalan zane, sannan a 1937 ya shiga cikin kyautar da ya yi wa ƙasarsa, shi ya sa a yau zanen magajin sarautar Ingila yake gidan adana zane-zane na ƙasa a Washinton. Mu mutanen Kumasi mun san nauyin irin wannan lissafi, domin a 2024 muka ga kayan zinariya da azurfa na Asante guda 32 sun dawo fadar Manhyia ta Sarkin Asante daga gidajen tarihi biyu na Landan, a matsayin aro, alhali da yawansu sojojin Birtaniya ne suka kwashe a yaƙin 1874. Zanen Edward ya bar gida ta hanyar gado da ciniki, kayan Asante kuwa ta hanyar ganima, kuma sai da rubutaccen tarihin mallaka ɗalibi zai iya rarrabe su.

Akwai aibi biyu da ba zan ɓoye ba. A ƙasan zanen asali akwai baitoci na Latin da Richard Morison, wani marubucin fadar Henry, ya rubuta, suna kiran yaron da ya yi koyi da mahaifinsa, amma a kwafin an yanke su gaba ɗaya. Da na yi magana, mai shagon ya ce, "Malam, ai masu saye ba sa karanta wannan rubutun." Ban gamsu ba, domin baitocin ne suke bayyana nauyin da aka ɗora wa yaron da ya hau gadon sarauta yana da shekara 9 a 1547, ya rasu yana da 15 a 1553. Na biyu, takardar ba ta faɗi cewa Holbein a kan allon katako ya yi zanensa ba, alhali kwafin a kan yadi yake.

Duk wanda zai yi oda ya nemi a bar masa baitocin tun kafin a fara aiki, domin mai shagon ya amince zai yi haka ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ya ba su lokaci, saboda fentin mai yakan ɗauki makonni kafin ya bushe, musamman da damina.