Tsohon gida a Tudun Wada ko sabo a Millennium City?

Ɗan'uwa, ka ce dillali ya nuna maka gida biyu da kuɗinsu ya yi kusa da juna: ɗaya tsohon gini ne na gado a Tudun Wada ta garin Kaduna, ɗaya kuma sabo fil a wajen Danbushiya cikin Millennium City, ga shi kana aiki a cikin gari da yara biyu 'yan firamare. Kafin maganar fenti da tayil, fara da takarda.

Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, abin da kake saye haƙƙin zama ne a kai. Saboda haka ko wanne ka zaɓa, ka je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, da kanka a bincika lambar filin, kada ka wakilta dillali, shi la'adarsa yake jira. Gidan Tudun Wada matsalarsa a nan magada ce. Sau da yawa babban wa ne ke gaba a ciniki, sai an biya kuɗi wata ƙanwa da ke aure a Zariya ta ce ba da saninta ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kowane magaji ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. Na Danbushiya kuwa tambayarsa ita ce: gwamnati ce ta yanka filin, ko gona ce aka tsaga aka sayar da takardar mai gari? Akwai izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar? Duk ɗan Kaduna ya ga yadda ake shafa jan fenti a bango, ya kuma san abin da ke biyo baya.

Sai ginin kansa. Tsohon gida ba ya ɓoye aibinsa: kwano ya yi tsatsa, wayoyin wuta sun tsufa, sokawe wataƙila ta cika, ɗakuna ƙanana. Kana gani kana lissafin gyara, kuma da wannan lissafin za ka nemi ragi. Sabon gidan da aka gina don sayarwa shi ne abin tsoro a wurina, don fenti yana rufe komai. Ka zaga baya inda ba a yi shafe ba, ka karci bulo da makullin mota. In yashi ya zubo, an tauye siminti. Ka duba ƙasan katanga ko akwai layin danshi, ka tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi a watan Agusta. Wannan ya shafi gidajen biyu, domin Tudun Wada ma kwatocinta kan toshe, kuma mutanen Kigo Road sun san abin da Kogin Kaduna ke yi idan ya cika.

Wajen sarari da iska, Millennium City ta yi nasara ba gardama. Akwai tsakar gida, akwai wurin ajiye mota, yara su yi wasa ba ka fargabar Keke Napep. Amma sabuwar unguwa da aljihunka ake gina ta: karo-karon taransifoma da turakun wuta, haƙa rijiyar burtsatse, kuɗin 'yan sintiri duk wata, cikon layi da ƙasa idan damina ta cinye shi. Ga kuɗin mai kullum, ka tsallaka kogi ka kai yara makaranta ka wuce aiki. A Tudun Wada Kasuwar Barci na kusa, Islamiyya da kemis a bakin layi, uwargida za ta fita cefane da ƙafa. Abin da za ka biya a madadin haka shi ne cunkoso da hayaniya, da tarbiyyar yara a layin da ke cike da matasa.

Zama da mutane ma ya bambanta. A tsohuwar unguwa kai ne baƙo, kowa ya san kakan kowa. Ka je ka gai da mai unguwa da liman, ka riƙe jam'i, kada ta'aziyya ko suna su wuce ka, cikin ɗan lokaci za a fara cewa "gidan Malam wane". A sabuwar unguwa kowa baƙo ne, katangu dogaye, zumuncin ya fi yawa a zauren WhatsApp na masu gidaje, sai dai muryarka na da nauyi tun ranar farko.

Da ni ne, da aikin cikin gari da ƙananan yara, Tudun Wada zan ɗauka, muddin magada duka sun sa hannu kuma na ware kuɗin kwano da wayarin. In mutum ɗaya daga cikinsu ya noƙe, ka bar shi ka koma Danbushiya, amma ka kwana biyu kana bin hanyar da ƙarfe bakwai na safe kafin ka ba da kafin alƙalami. Allah Ya sa albarka.