Manhajar waya ko ɗan littafi a ƙasan akwati

A Agege, inda iyali ke cunkushe a ciki da falo, ɓoye lissafin al'ada sai da dabara. Manhajar waya akwai sauƙi: ki danna ranar da jini ya zo, ta ƙirga miki, ta nuna lokacin fitar ƙwai, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Sai dai wayar nan kullum tana hannun yara, ko ƙanwar maigida ta ara, kwatsam saƙo ya faɗo: gobe ranarki ce. Bayanan ma kan fita waje. A 2021 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta sasanta da kamfanin Flo, mai irin wannan manhaja, kan zargin miƙa wa Facebook da Google bayanan mata.

Ni dai littafi nake ajiyewa ƙarƙashin atamfofina. Jan ɗigo ranar farko, in na yi wankan tsarki in ja layi, har ramuwar azumi a nan nake ƙirgawa. Ko an ɗauke wuta ba ruwansa da caji. Aibinsa mantuwa: ki tsallake wata biyu, lissafi ya rikice, balle in al'adarki na yawo tsakanin kwana 21 da 35.